Manhajar da Ban Koyar Ba

Shekarar da na gama digirina na biyu a fannin shari'a a Landan, shekara ce da kowa ke haɗa kaya. Kuɗin mai ya buɗe a gida, gwamnatoci suna neman masu takarda ido rufe, duk wanda ka sani ko dai ya tafi ko yana shirin tafiya. In muka haɗu bayan sallar Juma'a, an daina zancen karatu. Wane an ba shi ma'aikata guda ya riƙe, wane an ba shi gida da mota tun bai sauko daga jirgi ba. Ni ma jiharmu ce ta turo ni, kuma sun riga sun sanar da ni cewa kujera tana jirana a ma'aikatar shari'a. Sai dai sakamakon jarrabawa bai fito ba, ga matata da tsohon ciki, likita ya ce kada ta hau jirgi sai ta sauka. Na tsinci kaina a tsakiya, ban tafi ba, ban kuma zauna ba.

Muna zaune a unguwar Tottenham, a wani ɗan flat mai ciki da falo da ke saman shagon wanki. Da safe in na sha shayi sai in rasa inda zan sa kaina. In fita in sayo jarida, in dawo in kasa karantawa, in leƙa taga, in sake sa takalmi. Wata rana matata ta ɗago kai daga saƙar da take yi ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi. Wannan zirga-zirgar taka har jiri take sa ni."

A cikin makon ne malamar da ta duba mini aikin digirina ta aiko a kira ni. Baturiya ce siririya, ta haura hamsin, ta daɗe tana aikin lauya kafin ta koma koyarwa. Ofishinta yana Aldwych, can sama, in ka buɗe taga sai ƙarar bas ta hana ka jin na kusa da kai. Ta kwashe littattafai daga kan kujera ta ce in zauna.

Ta ce dokokin shige da fice sun sauya a 'yan shekarun nan, sun yi tsauri a kan mutanen ƙasashenmu, amma har yanzu babu wanda ke koyar da su a makarantar. Ɗalibi zai gama ya iya shari'ar filaye da ta kamfanoni, amma in aka tsare maƙwabcinsa a filin jirgi bai san ƙofar da zai buga ba. Tana so ta buɗe wani sabon darasi da ta kira kilinik. Yadda ɗaliban likitanci ke bin likita suna ganin marasa lafiya, haka ɗaliban shari'a za su riƙa karɓar mutanen da ke da matsalar izinin zama, suna taimaka musu a ƙarƙashin kulawarta. Kwamitin manyan malamai zai zauna kafin a buɗe makaranta, kuma ba za su saurare ta ba sai da manhaja a hannu: me za a koyar kowane mako, me za a karanta, yaushe za a bar ɗalibi ya zauna da mutum, yaya za a auna shi. Ni take so in tsara.

Na ce, "Malama, me ya sa ni? Ni fa tafiya zan yi."

Ta ce, "Na sani. Amma a cikin ɗalibaina kai kaɗai ne ka taɓa tsayawa a layin Croydon."

Croydon nan ne babban ofishin da duk baƙo ke zuwa neman ƙarin izinin zama. Lallai na tsaya a layinsa, ba sau ɗaya ba. Na karɓi aikin tun kafin in sauko daga benen, domin dai in samu inda zan riƙa zuwa da safe.

Tsarin farko na yi shi yadda aka koyar da ni. Na fara da tarihin dokar, na bi da wane ne ɗan ƙasa da wanda ba ɗan ƙasa ba, sannan nau'o'in biza, sannan kora, sannan ɗaukaka ƙara. Na buga shi tsaf a tafireta na kai mata ina jin daɗin kaina. Ta karanta a tsaye, sigari a hannu, ta miƙo mini.

"Lacca ce mai kyau," in ji ta. "To ranar da mace ta zauna gaban ɗalibinka tana kuka, wane mako zai buɗe?"

Na koma gida na yayyanka takardar da almakashi, kowane darasi a ɗan ƙyallensa, na baje su a ƙasan ɗaki ina jujjuyawa. In na kai wannan gaba, sai in ga ba zai yiwu ba sai an san wancan. Matata da ƙyar take tsallake su in za ta kicin. Da rana in hau bas zuwa Aldwych, in zauna a laburare, kafin in gama shafi guda sai in tsinci kaina a bakin kogi ina tafiya ba tare da na san inda na nufa ba. Wani lokaci in gamu da 'yan gida a manyan shaguna, sun zo kwas ko hutu, hannuwa cike da jakunkuna, su tambaye ni, "Kai har yanzu kana nan? Me kake jira?" In yi dariya in ce na kusa.

Ana cikin haka maganar matar abokina ta taso.

Abokin nan nawa tun makarantar sakandare muke tare, gado ɗaya ke tsakaninmu a ɗakin kwana. Kirista ne, mutumin wajen Jos, injiniyan hanyoyi. Ina kiransa Injiniya, yana kirana Lauya. Shi ma a Tottenham suka zauna, layi biyu tsakaninmu. Da ya gama karatu aka kira shi gida da gaggawa, aka damƙa masa aikin wata babbar hanya. Matarsa nas ce, kowa Sista yake ce mata, tana kuma koyon aikin ungozoma a wani asibiti. Suna da 'yar ƙaramar yarinya da aka haifa a nan Landan. Ranar da zai tafi ya ja ni gefe a filin jirgi, ya sa mini ambulan a aljihu.

"Tikitinsu ne, ita da yarinyar," ya ce. "In ta gama sallamar kayan gida, ka sa su a jirgi. A hannunka na bar su."

Na ce kada ya damu. A lokacin ban ga wani abin damuwa ba.

Wata Lahadi bayan sun taso daga coci, Sista ta hau mana bene da yarinyar. Matata ta zuba musu shinkafa. Yarinyar ta zauna tana wasa da ƙyallayen takarduna, in uwar ta ce mata da Hausa ta bari, sai ta amsa da Turanci. Sista ba ta ci wani abin kirki ba. Ta buɗe jaka ta fito da fasfo ta ajiye a gabana.

"Lauya, ka duba mini wannan hatimin."

Na duba. Izinin zamanta a kan na mijinta yake, a matsayin matar ɗalibi ta shigo. Shi ya tafi, kwanan da ke jikin hatimin kuma ya kusa cika.

Na ce, "Ai ba matsala, Sista. Kafin lokacin kin tafi."

Ta ce, "Ba zan tafi ba."

Matata ta ajiye cokali.

"Ba cewa na yi na bar aurena ba," Sista ta ci gaba, muryarta a kwance. "'Yan watanni suka rage mini in yi jarrabawar ƙarshe. Na yi aikin dare, na yi na rana, na bar yarinyar nan a hannun mutane. In na tafi yanzu, duk ya tashi a banza. Na gaya masa tun kafin ya tafi, ya ce in mun je gida ma yi magana. Na san irin maganar. In na sauka, ba zan sake hawa jirgi ba."

Na san dokar. In mutum ya nemi ƙari kafin izininsa ya ƙare, ko an hana shi yana da damar ɗaukaka ƙara. In ya bari kwanan ya wuce, ya zama mai laifi, babu kuma inda zai kai kuka. Na gaya mata haka. Amma ban ce zan taimaka ba, ban kuma ce ba zan taimaka ba. Tikitin yana cikin aljihun kwat ɗina da ke rataye a bayan ƙofa, duk lokacin da na ɗaga kai sai in gan shi.

Ba a yi mako ba, wani ma'aikacin gwamnati da ya zo kwas ya kawo mini kaset daga Injiniya. A lokacin haka ake yi, waya ba ta samuwa, sai ka yi magana a rikoda ka ba matafiyi. Muka kunna ni da matata. Ya fara da gaisuwa da barkwanci irin namu na da, ya ba ni labarin gidan da aka ba shi, har da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Sannan muryarsa ta sauya. Ya ce mahaifiyarsa kullum tana tambaya. Ya ce mutane sun fara magana, wai matarsa ta ƙi biyo shi. Ya ce asibitocin gida neman ma'aikata suke, za su ɗauke ta ko da takardar nan ko babu. "Lauya, kai ɗan'uwana ne. Kada ka bari a yi mini dariya. Ka sa su a jirgi."

Kaset ya ƙare, na tashi na sa takalmi. Na zagaya unguwa har ƙafata ta yi ciwo, na dawo ban yanke komai ba.

Washegari na kai wa Malama maganar, ban ambaci ko su wane ne ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa kake wa aiki?"

Na ce, "Su biyun."

"Ba a yi," ta ce.

Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita. Na ce a wajenmu ba ka shiga tsakanin miji da mata haka kawai, balle mutumin da ya damƙa maka iyalinsa. Ba maganar doka ba ce kaɗai, akwai iyaye, akwai zumunci, akwai ranar da zan koma gida in haɗa ido da shi. Ta ce ta ji, ba ta kuma raina ko ɗaya ba. Amma matar nan ta zo wurina ne don na san doka, kuma kwanan wata ba ya jiran a gama sulhu. In ba zan iya ba, in kawo mata ita, ita za ta rubuta takardar neman. Abin da ba zan yi ba shi ne in riƙe matar da "bari mu gani" har lokaci ya wuce.

Har na kai ƙofa ta kira ni. Idonta ya yi haske irin na wanda dabara ta faɗo masa. Ta ce irin wannan matsalar ce daidai abin da kwamiti ke bukatar gani. Da matar za ta yarda ta zo ranar zaman ta ba da labarinta da bakinta, babu dattijon da zai iya cewa darasin ba shi da amfani.

Da na faɗa a gida, matata ta harare ni. Ba mai yawan faɗa ba ce, amma ranar ta yi.

"Wato ku baje ta gaban Turawa suna kallo, su ji sirrin gidanta, don a ba ku aji? Malam, in ni ce fa?"

Na ce shawara ce kawai, Sista ce za ta yanke. Da na gaya wa Sista, ta yi ɗan murmushi.

"Ka gaishe mini da malamarku, ka ce na gode da taimako. Amma ba zan je ba. A asibitinmu in za a kawo ɗalibai su kalli mai naƙuda, sai an tambaye ta, in ta ce a'a, shi ke nan. Ni na ce a'a."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Kunnuwan Malama suka yi ja. Ta ce, "Ta yi daidai. Bai kamata in nema ba alhali tana jiran taimakona." Sai ta jawo takarda ta fara rubuta wa Sista buƙatar ƙarin izini a matsayin ɗalibar kanta, ba matar ɗalibi ba.

Saura Injiniya. Na ga ba zan yi abu a bayan idonsa ba, gara ya ji daga bakina. Na sayi sabon kaset na zauna gaban rikoda. In fara, in ji na cika kame-kame, in goge. In sake farawa, in ji kamar ina karanta hukunci a kotu, in goge. Daga ƙarshe dai na faɗa masa a taƙaice: iyalinsa lafiya, zan raka matarsa neman ƙarin izini, zan kai tikiti a ɗaga ranar tafiya zuwa bayan jarrabawa, in ya ji haushina ina ba shi haƙuri. Matata da ke saurare ta ce, "Ka bar mata sauran kaset ɗin. Mijinta ne, ta fi ka sanin ta inda za ta shigo masa."

Sista ta zo da yamma, ta ɗauki rikodar ta shiga ɗakin kwananmu ta rufe ƙofa. Ta daɗe a ciki. Da ta fito idonta ya kumbura, ta cire kaset ɗin da kanta ta sa a ambulan ta manne. Har yau ban san abin da ta ce masa ba.

Ranar Croydon muka bar yarinyar wurin matata muka hau jirgin ƙasa da sassafe. Ko da muka isa, layi ya riga ya zagaya ginin. Ana yayyafi. Mutane daga ko'ina, Indiyawa, 'yan tsibiran Karibiya, Larabawa, 'yan Afirka, kowa ya rungume ambulan a ƙirji don kada ya jiƙe. A ciki kuwa benci ne jere, ana kiran lamba. Na sha zuwa wurin don kaina, amma a da idona a kan lambata kaɗai yake. Ranar ne na kalli mutane. Wani dattijo ya tashi zuwa bayan gida, aka kira lambarsa aka wuce. Wata mata tana ta gyaɗa wa ma'aikaci kai tana cewa "yes, yes", ko daga nesa ka san ba ta fahimci tambayar ba.

Wata 'yar Gana, irin mutanen zango, ta ji muna Hausa ta matso da sauri ta kama hannun rigata.

"Ɗan'uwana, ka zo ka ji mini. Wannan mace a taga, ya ce mini magana, ban ji ba. Ya ce in kawo wani takarda, ban san wane ba."

Na bi ta. Ashe shaidar inda 'yarta ke aiki ake nema, kuma tana cikin jakarta tun safe. Ba don haka ba, da ta juya ta tafi ke nan, sai ta sake dawowa wata rana. Ta yi ta sa mini albarka har mutane na waiwaye.

Da aka kira Sista, na tsaya a bayanta. Ma'aikacin ya juya fasfo ya ce, "Ina mijinki?" Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗan ɗaga mini hannu. Ta ce ya koma gida aiki, ita kuma tana neman ta gama karatunta ta bi shi, ga takardar asibiti, ga ta lauya. Ya yi 'yan tambayoyi, ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya riƙe fasfon ya ce za a aiko da amsa ta gidan waya. A jirgin komawa ta yi barci kanta jingine da gilashi, ni kuwa na kasa zama, na tsaya a bakin ƙofa har muka iso.

Cikin kwanakin jiran nan na gama manhajar. Makon farko na ce babu aji: kowane ɗalibi ya je Croydon da asuba ya bi layi, ya zauna a benci har rana ta yi, ba biro ba takarda. Na biye da darasin wane ne a gabanka, me yake so da bakinsa, ba abin da miji ko uba ko kai kanka kake so masa ba. Na sa mako guda a kan tafinta, da yadda za ka gane wanda ke cewa "e" don tsoro. Na sa wani a kan sirri, da neman izinin mutum kafin a kawo labarinsa aji. Sai bayan duk wannan na fara jero dokoki.

Malama ta karanta, wannan karon a zaune. Ta ce zuwa Croydon ya zauna, tafinta ya zauna, sirri ya zauna. Amma na tura doka baya da yawa.

"Ɗalibi mai tausayi da bai san ranar da izini ke ƙarewa ba, sai ya kashe mutum da kirkinsa," in ji ta. "Maganar wa'adi ta dawo mako na biyu."

Muka yi ta ja har ƙarfe nawa ban sani ba, shayi ya huce a kofi. Ni ina ganin in aka fara cusa musu sassan doka za su koma haddar da suka saba, ita tana ganin in ba a cusa ba za su yi ɓarna. Ta samu maganar wa'adi a mako na biyu, na samu sauran. Yadda za a ba ɗalibai maki kuwa ba mu taɓa daidaitawa ba. Muka rubuta wani abu mai harshen damo muka bar shi haka.

Ranar kwamiti na ari taye wurin maƙwabci. Dattawa ne zagaye da dogon tebur. Ɗaya ya tambaya wa zai ɗauki laifi in ɗalibi ya ba da shawarar da ta jawo aka kori mutum. Malama ta ce ita, shi ya sa babu takardar da za ta fita ba da sa hannunta ba. Wani ya ce wannan ai aikin ƙungiyoyin agaji ne, ba na jami'a ba. Wani ya ɗaga shafin farko yana dariya, ya ce yaushe tsayawa a layi ya zama ilimin shari'a. Malama ta juyo gare ni ta ce in amsa. Na ba su labarin 'yar Gana da takardar da ke cikin jakarta, wadda ban san ma sunanta ba. Ban yi maganar Sista ba. Mai dariyar ya dube ni ta saman tabarau ya ce, cikin ladabi ƙwarai, "Kai kuma yaushe za ka koma ƙasarku?" Na ce ba da daɗewa ba.

Suka amince, amma a matsayin gwaji na shekara guda, da 'yan ɗalibai kaɗan, ba kuma za a sa makinsa a digiri ba. A kan matakala Malama tana ta zaginsu ƙasa-ƙasa, tana kuma murmushi. Ta tsaya ta ce in zan ƙara shekara guda, za ta nema mini gurbi mu koyar tare.

Zuciyata ta so. Na kwana biyu ina hango kaina a gaban ajin nan. Amma a cikin makon matata ta haihu, namiji, ofishin kula da ɗaliban jiharmu kuma ya kira ni ya ce ma'aikata ta gaji da jira. Mahaifina ma ya aiko da saƙon baki cewa yana so ya ga jikansa tun yana da sauran gani. Na tambayi matata ra'ayinta. Tana shayar da jariri, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni dai ina son Innata." Na je na ba Malama haƙuri.

Sista ce ta tsaya mana a jegon nan kamar 'yar uwa ta jini. In ta taso daga aiki sai ta biyo ta dafa ruwa a manyan tukwane ta yi wa matata wanka, tururi ya cika flat ɗin har mai shagon ƙasa ya hau yana tambaya ko gobara ce. Ranar suna ta zo da fasfonta a jaka, ta nuna mini a kicin. An ƙara mata izini har bayan jarrabawa. Daga Injiniya kuwa babu kaset, babu saƙo.

Muka bar Landan ana saura kwanaki kaɗan a buɗe makaranta. Ban ga ɗaliban ba, ban san ko sun je layin da asuba ko sun maƙale a gado ba. Daga baya na ji darasin ya wuce shekarar gwaji, an kuma sassauya shi har ba lallai in gane shi ba. Ni dai na shiga aikin gwamnati, shari'o'in filaye da kwangila suka binne ni.

Bayan na kama aiki da 'yan watanni, wani taro ya kai ni Jos. Sista ba ta dawo ba tukuna. Na yi ta shawara da kaina, daga ƙarshe na nemi ofishin Injiniya. Ya ga shigowata, bai tashi ba. Muka gaisa kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a mota. Sai ya ɗauki makulli ya ce, "Zo mu je."

Ya kai ni wurin aikin hanyarsa, can bayan gari. Yini guda yana nuna mini kwalbatoci da inda za a fasa dutse da gadar da suka fara kafa wa ƙafafu. Ya yi ta bayanin irin ƙasar wurin da yadda ruwan sama ke cinye ta. Bai ambaci Landan ba, ni ma ban ambata ba. Da yamma ya mayar da ni masauki, ya tsayar da mota, bai kashe ta ba. Na buɗe ƙofa na sa ƙafa ɗaya waje.

"Lauya," ya ce, idonsa a kan titi. "Ta rame?"

Na ce, "Kaɗan. Aiki ne ya yi mata yawa."

"Tana dai cin abinci?"

"Tana ci. Kafin mu taho kusan kullum a gidanmu take ci."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan jima yana murza sitiyari da tafin hannu, sannan ya ce gobe kafin in kama hanya in biyo ta gidansa mu karya, mahaifiyarsa tana nan, tana so ta ji labarin jikarta.